Karcen Wili Ba Abin Rainawa Ba Ne

Duk direban da ya taɓa gogar dakalin titi a kan Titin Ahmadu Bello da ke Sakkwato ya san ƙarar nan mai tsinka zuciya. In karce ne kawai, mai fenti zai goge da samfefa, ya cike, ya fesa. Amma in bakin wilin ya lanƙwashe, taya marar tib za ta riƙa sace iska. A zafin Afrilu da ke haura digiri 40, irin wannan taya tana iya fashewa ana cikin gudu. Wilin ƙarfe yana miƙuwa da guduma, na alminiyam kuwa tsagewa yake yi.

Direbobi, kada ku bari fenti ya rufe muku tsaga. Ku canza wilin, domin rai ya fi kuɗi.