ABINCIN DARE NA TARON JAMA'A: A AUNA KAFIN A ƊORA TUKUNYA

Wannan jawabi ne da wata malamar yaƙi da jahilci ta yi ma mata da maza masu karatun manya, gab da faɗuwar damina. Mun buga shi domin a karanta shi cikin kowace cibiya.

 

Yau maganar babbar tukunya za mu yi, wadda ake ɗorawa ranar gayya, ranar suna, ranar sadaka, ko ranar da baƙi suka sauka da yawa.

Kun san lokacin da ake kiran gayya. Noman fari da maimai suna faɗowa cikin watan 7 da watan 8. Lokacin nan rumbu ya yi ƙasa, hatsi kuma ya yi tsada a kasuwa. Mutane sun wuni duƙe cikin gonar maigida, da marece dole su ci su ƙoshi. In abinci ya kasa, gida ya ji kunya, kuma baɗi in an yi kira ba kowa zai amsa ba. In an dafa ya wuce kima, an ɓannatar da cimakar iyali ta kwana da kwanaki. Daga nan sai sayar da akuya, ko cin bashin hatsi da za a biya da riba in kaka ta yi. Abin da ke tsare gida daga kunya, ya tsare shi daga bashi, shi ne awo.

A ƘIDAYA BAKUNA

Kafin a taɓa rumbu, uwargida da maigida su zauna su yi lissafi. A ƙidaya masu aiki. A ƙidaya masu dahuwa, gama sau da yawa su ake mancewa. A ƙidaya yara, a riƙe yara 2 a matsayin babba 1.

Ga misali. Ƴan gayya 28 ne. Mata masu dahuwa 6. Yara 12, wato manya 6 ke nan. An haɗa 28 da 6 da 6, an sami baki 40. Duk awon da zan ba ku yau na baki 40 ne.

Tiya 1 ta hatsi tana kai kilo 2 da rabi, ko kusa da haka. In an surfe an niƙa, tana ƙosar da majiya ƙarfi 8. Amma tiyar wannan kasuwa ba lalle ta zo daidai da ta waccan ba. Saboda haka kowace mace ta gwada tata. Ranar da kika tuƙa tiya 1, ki duba mutum nawa suka ƙoshi, ki rubuta cikin littafinki. Ga amfanin karatun da muke yi. Abin da aka rubuta bana, baɗi ba sai an yi gardama a kansa ba.

ABINCI NA FARKO: SHINKAFA DA WAKE

Shi ne mafi sauƙi, domin tukunya ɗaya yake so, kuma babu daka babu tuƙi.

Ga abin da za a tanada:
Shinkafa, tiya 2 da rabi.
Wake, tiya 1 da rabi.
Man gujiya, wato man gyaɗa, litar 1 da rabi.
Albasa matsakaita, 15.
Ƙuli-ƙuli, tonka da gishiri, domin yaji.

In shinkafa ta yi tsada, a yi tiya 2 ta shinkafa, tiya 2 ta wake. Ba a yi hasara ba, gama wake shi ne mai gina jiki. Shinkafa tana ba da ƙarfin aiki, wake yana tsaya ma nama.

A tsince wake, a jiƙa shi tun da safe. Da azahar a zubar da ruwan jiƙon, a sa sabon ruwa, a ɗora. Waken da ya jiƙu yana nuna da sauri, icce kaɗan yake ci. Ba ya bukatar kanwa mai yawa. Kanwa in ta yi yawa tana rage amfanin abinci, tana kuma ɓata ma mutane ciki.

In an matsa ƙwayar wake da yatsa ta fara fashewa, a wanke shinkafa a zuba. Ruwa ya hau bisa abinci kamar gaɓa 2 ta yatsa. A sa gishiri, a rufe. In ruwa ya kusa tsotsewa, a janye icce, a bar garwashi ya ƙarasa. Babbar tukunya tana riƙe zafi, wuta mai yawa ƙuna kawai take jawowa. A soya albasa cikin mai can gefe. A zuba mai da yaji lokacin rabo, ba cikin tukunya ba, domin kowane akushi ya sami rabonsa.

Ga gargaɗi game da wake. Waken da aka zuba ma maganin ƙwari na gona domin ajiya, kada a dafa ma jama'a shi. Wanki ba ya fid da dafin duka. In za ku saya, ku sunsuna, ku tambayi mai sayarwa. In na gida ne, ku aje shi cikin buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa cikin ƙasarmu tun 2007. In an ɗaure bakinsa da kyau iska ba ya shiga, ƙwari su mutu ba da magani ba.

ABINCI NA BIYU: DAMBU DA ZOGALE

Wannan abincin damina ne, domin rabinsa ganye ne, ganye kuwa lokacin nan ga shi ko'ina. Mutanen Jiratawa da na bakin gulbin Maraɗi suna noman zogale cikin garake, har su kai kasuwa. Wanda ba shi da zogale ya sa tafasa, ko rama, ko yaɗiya.

Ga abin da za a tanada:
Tsakin masara, ko na hatsi, ko na shinkafa, tiya 4.
Ganyen zogale tsintacce, manyan ƙorai 3.
Mai, litar 1 da rabi.
Ƙuli-ƙuli dakakke, tiya 1.
Albasa, tattasai, gishiri.

A kai masara inji tun jajibiri a ɓarza. A tankaɗe, a aje garin domin kunun yara. A wanke tsakin, a tsane shi. A zuba cikin madambaci bisa tukunyar ruwa mai tafasa. A naɗe mahaɗar da tsumma mai tsabta da aka jiƙa, kada tururi ya tsere. Bayan rabin awa a juye cikin babbar ƙwarya, a yayyafa ruwa, a murje. A zuba ganyen da aka wanke, da albasa, da gishiri, a cuɗanya. A mai da shi madambaci karo na biyu, sai ganye ya yi laushi. Daga ƙarshe a sa mai da ƙuli-ƙuli.

Dambu ba ya ƙunewa, muddin akwai ruwa cikin tukunyar ƙasa. Ana iya turara shi kashi-kashi da madambaci ɗaya. Zogale kuma yana da abin da ke ƙara jini da wanda ke taimakon ganin ido. Mai ciki da mai shayarwa su ci da yawa. In akwai lemun tsami a matsa bisa, yana taimaka ma jiki ya ɗauki abin ƙarin jinin.

ABINCI NA UKU: TUWO DA MIYAR KUKA

Shi ne wanda tsofaffi suka fi so, shi ne kuma mai wuyar aiki. Baki 40 suna son tiya 5 ta hatsi ko dawa.

Kada a tuƙa tiya 5 cikin tukunya ɗaya. Muciya ba ta kai gindi, gari ya yi gudaji, hannun mai tuƙi ya mutu. A raba tukunya 2. Kowace tukunya mata 2, ɗaya na zuba gari, ɗaya na tuƙi, in ta gaji su canza.

Miya ta kai litar 10. A fara da ruwa, da daudawa, ko ta kalwa ko ta batso, da busasshen tumatir, da albasa, da tonka. In akwai nama kilo 2, a yanka shi ƙanana ƙanana domin ya zagaya. In babu, ƙashi ko busasshen kifi ya isa. Wasu na zuba dakakken wake cikin ruwan miya ya nuna tare, miya ta yi kauri ta yi daɗi. Garin kuka shi ne na ƙarshe. A rage wuta, a barbaɗa kaɗan kaɗan ana kaɗawa. Gishiri kuwa a nemi mai sinadarin iyod, wanda ke tsare mutum daga maƙoƙo, a sa shi gab da saukewa.

Akwai wani abinci da ya kamata mu koya daga matan Dogondutsi, shi ne beruwa. Da garin wake suke yin ta, su turara, su shanya. Tana ajiyuwa watanni. Ranar da baƙi suka sauka ba sanarwa, sai a dafa ta nan da nan, a sa mai da yaji da albasa.

A RABA AIKI, A RABA LOKACI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku masu gida, nan maganar ta zo gare ku. Kada a fid da hatsi daga rumbu ranar gayya da safe, a ce da marece a ga tuwo. Ga yadda ya kamata aiki ya tafi.

Saura kwana 2: a yi lissafi, a fid da hatsi, a yi aron tukwane da akussa.
Jajibiri: a yi surfe, a kai niƙa, a daka yaji. Samari su kawo icce su cika randuna.
Ranar da safe: a jiƙa wake, a tsinke ganye, a aika fura gona.
Azahar: a hura wuta.
La'asar sakaliya: a fara rabo, domin a ci tun da sauran haske.

Mace ɗaya ta zama shugabar tukunya. Ita kaɗai ke sa gishiri. In hannu uku suka sa gishiri, kun san abin da za a ci.

Icce kuma a tattala shi. A tara busasshe tun kafin ruwa ya sauka, a rufe shi. A kare murhu daga iska. A rufe tukunya. Murhun laka da ake kira Albarka, da na ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, waɗanda aka yaɗa cikin ƙasarmu tun shekarun 1980, suna cin icce kaɗan bisa ga duwatsu uku. Gidan da ke yawan taro ya gina babba daidai da babbar tukunyarsa.

TSABTA

Tukunya ɗaya da ke ciyar da mutum 40 tana iya kwantar da mutum 40. Damina ce lokacin zawo da amai, lokacin ƙudaje.

Masu dahuwa su wanke hannu da sabulu, in babu da toka. Masu ci ma haka. Kada mutum 10 su tsoma hannu cikin ƙwarya ɗaya, na ƙarshe daɗa dauɗa yake yi. Yaro ya riƙe buta yana zuba ma kowa.

A ci abinci da zafinsa. Masana kiwon lafiya sun ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye babu wuta babu sanyi. Wanda ya kwana, a ɗumama shi har ya yi tururi ciki da waje. In ya canza wari, a zubar. Gwangwani ko bidon da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, kada a sa mai ko ruwa ciki, ko an wanke. Gujiyar da ta yi funfuna a tsince ta a yar, tana ɓata hanta. A kuma sa wata babbar yarinya ta tsare ƙanana nesa da murhu.

RABO

Mutum 5 ga akushi 1. Baki 40, akushi 8 ke nan. A jera su duka a ƙasa kafin a fara zubawa, a bi su da mara ɗai-ɗai har a zagayo. Ta haka na ƙarshe ba ya samun ƙanzo kawai. A fara fid da na yara da na masu dahuwa. Ƙaramin yaro a ba shi ƙoƙonsa daban, gama in ya sa hannu da manya ba ya samun kome. A rage ɗan abinci cikin tukunya domin baƙon da ba a ƙidaya ba.

In abin da ke gida wake ne da ganye, a dafa wake da ganye, a ba da shi da fara'a. Iyayenmu sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Wanda ya zo taya ka noma ƙoshi yake nema, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ga aikin da za ku kawo mani ranar karatu mai zuwa. In tiya 1 ta hatsi tana ƙosar da mutum 8, tiya nawa za a fid da domin ƴan gayya 20, da masu dahuwa 4, da yara 16? Akushi nawa za a ara? Kowa ya rubuta amsa da hannunsa.

Wanda ya ji, ya faɗa ma wanda bai zo ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika rumbunanmu.