Yaro da Dodonsa: Kamawa ko Riƙon Amana?

(Jawabin da aka gabatar gaban ɗalibai da ƙananan ma'aikata a garin Kangire, lokacin hutun ƙarshen zango.)



Mun san wasu za su ce ɗaliban jami'a sun rasa abin tattaunawa sai wasan yara. To, muna roƙon a ɗan yi mana haƙuri. Duk wanda ya zaga Kangire, ko Birnin Kudu, ko Gwaram bayan sallar isha'i, zai tarar da ƙannenmu sun yi zobe sun sa wayar yayansu a tsakiya, a daidai lokacin da a dā ake zama gaban kaka ana sauraron tatsuniya. Cikin abin da suke kallo akwai katun na ƙasar Japan, wanda ya iso mana ta tashoshin Larabawa irin su Spacetoon, da kuma shagunan masu tura fim a waya. Abin da ya gaji wurin zaman kaka kuwa, lalle ya cancanci masu ilmi su dube shi da idon basira.

Za mu ɗauki guda biyu da suka fi suna, watau Pokémon da Digimon. Ma'anar sunan na farko ita ce dodannin aljihu, na biyu kuwa dodannin kwamfuta. Tun daga nan ma akwai abin lura. A tatsuniyoyinmu Dodo abin tsoro ne, shi ke tare hanyar rafi, shi ke haɗiye yarinya mai taurin kai, sai Auta ya zo ya kashe shi. Mutanen Japan kuwa sai suka ɗauko dodo suka mai da shi abokin tafiyar yaro. Tambayarmu ita ce: wane irin abota kowane ɗayansu yake koyarwa?

Pokémon ya fara ne a matsayin wasan na'urar hannu ta Game Boy, ta kamfanin Nintendo, a watan Fabrairu na 1996. Wanda ya ƙago shi, Satoshi Tajiri, ya tashi a Machida, bayan garin Tokyo, yana yawon kamun ƙwari cikin ciyayi da kududdufai, har gine-gine suka zo suka cinye wuraren. Sai ya so yaran birni su ɗanɗani daɗin nan na kamawa da tarawa. A watan Afrilu na 1997 aka fara nuna katun ɗin, labarin wani yaro ɗan shekara 10, Ash, da abokinsa Pikachu. An fara da dodanni 151, yau sun haura 1,000. Digimon kuwa asalinsa wani ɗan abin wasa ne da kamfanin Bandai ya fitar a 1997, wanda yaro ke kiwon dodo guda a cikinsa, yana ciyar da shi. A watan Maris na 1999 kamfanin Toei ya fara nuna Digimon Adventure, kashi 54, labarin yara bakwai, daga baya suka zama takwas, waɗanda suka faɗa wata duniya ta daban.

Bambanci na farko shi ne yadda ake samun abokin. A Pokémon yaro yakan shiga daji, ya sa dodonsa ya galabaitar da na dawa, kana ya jefe shi da ƙwallo ya kulle shi a ciki. Darajar yaro tana ƙaruwa da yawan abin da ya kama da yawan lambobin da ya ci a gasa, kuma kirarin tallan ma kira ne a kama su duka. A Digimon ba a kamu. Kowane yaro abokinsa ɗaya ne tak, wanda ya daɗe yana jiran zuwansa, yana magana da harshen mutane, yana yi masa gardama, yana yi masa nasiha. Taichi yana da Agumon, Yamato yana da Gabumon, kuma babu mai musanya nasa. Ashe na farko ya gaji maharbi ne, na biyu kuwa ya gaji makiyayi.

Bambanci na biyu shi ne yadda dodon yake girma. A Pokémon yawanci dodo yakan rikiɗa ya ƙara ƙarfi ta hanyar yawan faɗa, ko ta taɓa wani dutse na musamman. A Digimon girman dodo yana rataye ne a kan halin yaron. An ba kowane yaro tambarin wata ɗabi'a, kamar jaruntaka, da zumunci, da ƙauna, da ilmi, da fata nagari, kuma dodonsa ba ya kai matsayi na sama sai ɗabi'ar nan ta tabbata a zuciyarsa. Alal misali, ran da Taichi ya ɗura wa Agumon abinci, ya jefa kansa cikin haɗari da gangan don ya tilasta masa rikiɗa, sai abokin nasa ya zama ƙwarangwal mai ɓarna, wanda bai san na gida ba balle na waje. Haka nan kuma yaran suna ɗauke da damuwa irin ta gidajen mutane: Yamato da ƙaninsa Takeru sun tashi a rabe saboda auren iyayensu ya mutu, Koshiro kuwa ya tsinci zancen cewa waɗanda suka rene shi ba su suka haife shi ba. Yaron da ya tashi a hannun kishiyar uwa, ko a gidan riƙo, a nan ƙasar tamu, zai gane wannan ciwo ba sai an yi masa tafinta ba.

Bambanci na uku shi ne ƙarshen tafiya. Ash ya shafe fiye da shekara 25 a akwatin talabijin yana ɗan shekara 10, ya zama zakaran duniya a 2022, aka rufe labarinsa a 2023, aka kawo sababbin yara. Yaran Digimon kuwa a ƙarshen kashi na 54 sun yi ban kwana da abokansu da hawaye, a shirye-shiryen da suka biyo baya kuma sun girma. A fim ɗin 2020 an nuna Taichi yana ɗalibin jami'a kamarmu, inda ya rabu da Agumon domin ƙuruciya ta ƙare.

Amma fa a yi adalci. Shi ma Pokémon yana da wuraren da ya fi ƙarfin tallansa. Pikachu ya ƙi zama cikin ƙwallo tun ranar farko, aka bar shi yana tafiya a fili. Da aka miƙa masa dutsen rikiɗa ya ture shi, Ash bai tilasta masa ba. Haka kuma ya saki Butterfree, dodon da ya fara kamawa, don ya bi 'yan'uwansa. Digimon kuma ba waliyyi ba ne, don shi ma an yi shi ne domin a sayar da kayan wasa, ga faɗa a kusan kowane kashi. Kada kuma mu manta, a ranar 16 ga Disamba 1997 wani kashi na Pokémon mai walƙiyar haske ja da shuɗi ya sa aka kwashi yara 685 zuwa asibitoci a Japan, har aka dakatar da shirin wata huɗu. A 2001 kuma malaman Saudiyya sun haramta wasan katinsa, cikin dalilansu har da kamarsa da caca. Duk da haka, in aka ɗora su bisa ma'auni, a ganinmu Digimon ya rinjaya, domin ya koya wa yaro cewa abin da ke hannunsa amana ce, kuma lalacewar mai riƙo ita ce lalacewar abin riƙo.

To, mene ne namu a ciki? Hani kaɗai ba zai wadatar ba, don wayar da ka ƙwace a gida tana nan a hannun ɗan maƙwabci. Abu na farko, mu zauna mu kalla tare da ƙannenmu, mu tambaye su: wannan yaron ya kyautata wa abokinsa, ko kuwa amfani kawai yake yi da shi? Kaka ma ba ta rufe tatsuniya ba tare da an san wanda ya yi daidai ba.

Abu na biyu ya fi nauyi. Tajiri ƙwarin bayan garinsu ya mayar abin da duniya ke kallo. Mu ma yaranmu suna kamun fara da gyare, suna kiwon tattabaru, kuma kowa ya san yaron da ya ƙi cin abinci ranar da aka kai ɗan akuyarsa kasuwa. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu da mutanen dā suka bari, shaidar cewa zumuncin mutum da dabbarsa ya daɗe a wannan ƙasa. Ga Gizo da Ƙoƙi, ga Auta, ga akun da Abubakar Imam ya ɗora wa hira a Magana Jari Ce. Kayan aiki ba su yi mana ƙaranci ba. A cikin wannan ɗaki akwai masu karanta Hausa, da masu zane, da masu ilmin kwamfuta, akwai kuma yayyenmu da ke aiki a ma'aikatun Dutse, waɗanda gobe takardar neman tallafin irin wannan aiki za ta biyo ta teburinsu. Muna roƙon kada a jefa ta ƙarƙashin fayil da sunan wasan yara ce. In ba mu ba ƙannenmu abokin tafiya mai jin Hausa ba, to, wasu za su ci gaba da zaɓa musu, kuma ba za su shawarce mu ba.

Allah ya sa mu fi ƙarfin amanar da ke wuyanmu.