HAƘƘIN BAƘO DA HAƘƘIN MAI MASAUKI A ƘASAR WAJE

Wannan shi ne matanin jawabin da wani ɗan'uwa ya gabatar wa matasa a wajen wani zaman karatu. 

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah (S) da iyalan gidansa da sahabbansa. 

Abin da aka ɗora mani in yi magana a kai shi ne yadda ɗan'uwan da ke zaune a ƙasar waje zai karɓi danginsa in sun kai masa ziyara, musamman masu son su haɗa ziyarar da aikin sa kai. Da yawanmu muna da wa ko ƙane da ke karatu ko neman abinci a waje, wasunmu kuma suna kan shirin tafiya. Zan ɗauki misali da Saudiyya, domin can ne mutanenmu suka fi zuwa su sauka a hannun nasu.

Wannan abu ba yau ya fara ba. Kafin zuwan jirgin sama, kakanninmu da ƙafa suke ratsa Chadi da Sudan har gaɓar Bahar Maliya, wani ya shafe shekaru a hanya, yana sauka a hannun waɗanda suka riga shi. Garin Mai Wurno da ke Sudan, wanda mutanenmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, ya zama zango ga irin waɗannan matafiya. To amma a wancan zamani babu biza, babu takardar zama. A yau mai masauki shi kansa baƙo ne a ƙasar mutane, yana zaune ne da igama, kuma laifin baƙonsa yana iya jawo masa kora.

Addini ya riga ya tsara mana wannan. Ya zo a hadisin Bukhari da Muslim cewa liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya ƙaru a kai sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida ba. Ku duba kuma abin da ya faru a Madina bayan hijira a shekarar 622. Sa'ad bin Rabi'i ya yi wa Abdurrahman bin Auf tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Kun ga kowannensu ya sauke nasa nauyin.

To mene ne a kan mai masauki? Na farko, ya faɗi gaskiyar halinsa tun baƙo bai baro gida ba. Mutanen gida suna ɗauka duk wanda ke waje a cikin daula yake. Ɗalibin da ke kwana a ɗakin makaranta ba shi da inda zai shimfiɗa wa kawunsa. Mai iyali a ɗaki biyu ba zai iya riƙe mutum huɗu wata guda ba. Kunya ce take sa mutum ya ce a taho, sannan ya shiga cin bashi. Ka ce, "Kawu, kwana goma zan iya, abinci a kaina, kuɗin mota a kanka." Wannan ba rowa ba ce. Ko tafiyar Makka zuwa Madina kusan kilomita 450 ce, kuma jirgin ƙasan da aka buɗe a 2018 ba kyauta ake shiga ba. A yi lissafi tun da wuri.

Na biyu, ya sanar da baƙonsa dokar wurin. A nan ne abin yake da haɗari. Wani zai zo da bizar ziyara ko ta Umra, sai ya ce ai tunda ya zo bari ya laɓe har Hajji. 'Yan'uwa, a Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, lokacin da zafi ya haura digiri 51 a Makka, kuma kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji. Wanda ba shi da izini ba shi da tanti mai sanyi a Mina da Arafa, ba shi da motar alhazai, sai tafiyar ƙafa a cikin rana. A 2025 aka sanar da tarar da ta kai riyal 20,000 a kan wanda ya yi Hajji ba izini, da wadda ta kai riyal 100,000 a kan wanda ya nemo masa bizar ziyara, ko ya ɗauke shi a mota, ko ya ɓoye shi. Wanda ya ɓoye ƙanensa a ɗaki da sunan zumunci, ya tambayi kansa me zai gaya wa mahaifiyarsu idan aka kira shi ya zo ya duba gawa.

Na uku, ya shirya masa aikin sa kai ta hanyar da ta dace. Niyya mai kyau ba ta wadatar ba. Mai bizar ziyara ba a yarda ya kama aiki ba, kuma tara gudunmawar kuɗi ba tare da izini ba laifi ne a can, ko da don ginin masallacin ƙauyenku ne. Amma ƙofar alheri tana da faɗi. A watan Azumi ana shimfiɗa buɗa-baki a Masallacin Annabi (S), da dabino da burodi da nono da zamzam, kuma kowace shimfiɗa tana da mai ita wanda hukumar masallaci ta sani. Mai masauki ya haɗa baƙonsa da irin wannan mutum ya taya shi. Ga tsofaffinmu da ke ɓata a harabar masallaci, ba su jin Larabci. Ka kama hannun dattijo ka mai da shi masaukinsa, ka tura keken wata gyatuma ta cikin ayarinku, ka yi wa mara lafiya tafinta a asibiti. Kowace ƙasa kuma da nata tsarin. A Ingila, alal misali, mai bizar ziyara yana iya aikin sa kai, amma kada ya wuce kwana 30, kuma sai tare da ƙungiyar agaji mai rajista. Don haka a tambaya kafin a fara.

Saura kai baƙo. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Ka zo da tikitin komawarka da guzurinka. Ɗan'uwanka yana da darasi ko aiki da safe, kada ka mai da shi ɗan rakiya kullum. Ka girmama matar gida, domin ita ke ɗauke da wahalar girki da wanke-wanke. Kuma ka sani, aikin sa kai daga ɗakin da aka sauke ka yake farawa. Abin kunya ne saurayi ya wuni yana hidima wa jama'a a masallaci, ya dawo ya bar kwanon da ya ci abinci wani ya wanke masa. Ranar da bizarka ta kusa cika, ka yi sallama ka kama hanya, domin gobe wani ma ya samu wurin sauka.

Muna roƙon Allah (T) Ya ƙarfafa zumunci a tsakaninmu, Ya tsare 'yan'uwanmu da ke ƙasashen waje, Ya karɓi ayyukanmu.