Fumfunar ƙasa da ƙarfin maganin ganye

Ƙamshin na'a-na'a ko ɗoɗɗoya yana fitowa ne daga wani mai da ke taruwa cikin ƙananan gasu a bayan ganye. Yawan man nan kuwa yana da alaƙa da abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa.

Akwai wata irin fumfuna, masana na ce mata maikoraiza, wadda ke shiga saiwar mafi yawan tsirrai ta zauna. Zarenta ya fi gashin saiwa siranta, don haka yana kutsawa inda saiwa ba ta kaiwa, ya jawo ruwa da sinadarin fosfaras. Ita kuma shuka ta biya fumfunar da sukari.

A 2007, masu bincike a Jami'ar Delhi ta Indiya sun haɗa wannan fumfuna da Artemisia annua, 'yar'uwar tazargade, wadda daga cikinta ake samun atemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro da ya sa Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samu kyautar Nobel a 2015. Gasun ganyen sun ƙaru, sinadarin maganin ma ya ƙaru. A wasu tsirran, har yanayin haɗin man yakan sauya gwargwadon irin fumfunar.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke yi mata illa ba mu sani ba. Yawan takin fosfaras yakan sa shuka ta rage hulɗa da ita, huɗa mai zurfi kuma tana tsinka zarenta. Mai noman ganyen magani ya sassauta hannu wajen zuba takin zamani, ya kuma rage yawan birkita ƙasa.