Amsar Wasiƙunku: Yaro da Aikin Bincike

Wani manomi ya rubuto cewa an ba ɗansa bincike a makaranta kan abin da ya kawar da dalar gyaɗa a Kano, shi kuwa bai yi boko ba. Yaya zai taimaka?

To malam, kai shi wurin dattawan da suka ga farin shekarar 1973 da cutar gyaɗa ta 1975. Ya rubuta sunan kowa da ranar hira. Sannan ya tambayi malamin gona, ya leƙa laburare. In maganganu sun saɓa, kada ya zaɓi mai daɗi, ya kawo duka. "An ce" ba hujja ba ce, don malaminsa zai tambaya: wa ya ce? Allah ya ba da sa'a.