Haƙƙin Maraya Bai Ƙare A Tuwo Da Riga Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda Allah Ya same shi maraya Ya ba shi makoma, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, babu wanda zai ba mutanen Kurawa labarin abin da ya sami ƙasar Gobir. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni cikin yini guda. A watan Disamba na 2021 an ƙone matafiya cikin mota a Gidan Bawa. A 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Kowane magidancin da aka binne ya bar 'ya'ya, waɗansu suna hannun baffanni da kawunnai a Isa da Sabon Birni, waɗansu sun ƙetara ƙasar Maraɗi tare da uwayensu mata.

Alhamdu lillahi, jama'armu ba ta yi rowa ba. Ana raba hatsi da azumi, ana ɗinka wa marayu kayan Sallah. To amma mu duba aya ta 6 a Suratun Nisa'i. Allah Madaukakin Sarki Ya umurci waliyyai su riƙa jarraba marayu har su isa aure, idan an ga shiriya da hankali tare da su sannan a miƙa musu dukiyarsu. Ashe iyakar riƙon maraya ita ce ya iya tsayuwa da ƙafafunsa. Imam Shafi'i maraya ya tashi a hannun mahaifiya matalauciya, haka Imam Buhari ya rasa mahaifinsa yana ƙarami, kuma har yau al'umma tana cin moriyar karatun da aka tsaya musu suka yi.

A ina maraya yake faɗuwa? Sau da yawa yakan lallaɓa har aji shida na sakandare, daga nan hanya ta tsuke. Yana bukatar ya ci darussa 5, ciki har da Turanci da Lissafi, a jarrabawar WAEC ko NECO ko NBAIS. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB da kwamfuta ake yin ta, alhali yaron ƙauye wataƙila bai taɓa aza hannu a kanta ba. Tun daga 2021 ba a yin rajista sai da lambar NIN, ga shi takardun wasu sun ƙone tare da gidajensu. Idan ya sami gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Jami'ar Jihar Sakkwato, ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, sai maganar kuɗin rajista da masauki da abinci ta taso. Mai uba, ubansa zai sayar da buhun gero ko rago. Maraya fa, wa zai sayar masa?

Wani zai ce karatun boko yana ɓata tarbiyya. Muna amsa masa da cewa sanin likitanci da unguwarzoma da koyarwa farilla ce ta kifaya, idan gari ya rasa mai yi, kowa ya ɗauki laifi. Mu ne muke kukan babu likita mace da za ta duba matanmu, kuma mu ne muke cire marainiya daga makaranta don a huta da ciyar da ita. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura jajis ƙauyuka domin su karantar da mata, bai dace jikokin wannan ƙasa su zama masu rufe ƙofar ba. Maganin ɓacin tarbiyya shi ne yaro ya tafi da Alƙur'ani da aƙida a ƙirjinsa, kuma a riƙa bin sawunsa.

Saboda haka muna kira ga abubuwa huɗu. Na farko, kowane masallacin Juma'a ya rubuta sunayen marayun da suke aji huɗu zuwa shida, maza da mata. Na biyu, a ware musu kaso daga zakkar hatsi, domin maraya matalauci yana cikin masu haƙƙi, a kuma nemi masu hali su yi waƙafin gona ko shago. Na uku, 'yan'uwanmu malamai da ma'aikata da ke Sakkwato kowa ya ɗauki ɗalibi ɗaya, ya raka shi wurin cike takardu, ya kai bukatarsa Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jiha, ya bincika masa bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, wanda babu ruwa a cikinsa. Na huɗu, waliyyin da ke noma gonar gado ya ji tsoron Allah, ya sani amfaninta na maraya ne, kuma aya ta 10 a wannan sura ta kwatanta cin sa da cin wuta.

Ya jama'a, ɗa na kowa ne. Matashin da ya ga an kashe ubansa, sannan ya ga garinsu ya juya masa baya, daji yana jiransa, kuma masu kiransa can ba sa tambayar takarda. Hadisi ya tabbata a Buhari cewa mai riƙon maraya yana kusa da Manzon Allah a Aljanna kamar kusancin yatsu biyu.

Allah Ya jiƙan mamatanmu, Ya raya marayunmu a kan Sunna, Ya dawo mana da zaman lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.