Jawabi Ga 'Yan Acaɓarmu Kan Ɗaura Kyamara A Babur

Jama'ar Azuba, mun sha ganin mota ta buge yaronmu ɗan acaɓa a hanyar Lafiya zuwa Akwanga, direba ya rantse ba laifinsa ba ne, mu kuwa babu shaida. To, ƙaramar kyamara irin GoPro shaida ce marar tsoro, in an ɗaura ta daidai. A hannun babur jijjiga kan ɓata hoto, gara hular kwano. A goge hular ta bushe, a manna mazaunin kyamarar, ya kwana kafin a hau titi. Kada a huda hular, rauni take yi. A ƙara da igiya saboda gargada. Sannan mu ji tsoron Allah: titi za a ɗauka, ba matan mutane ba.